Me Ya Sa Mota Ke Mutuwa a Hanya? Tambayoyin Masu Mota a Kumasi da Amsoshinsu

Da wuya gari ya waye ba a turo mota ko an jawo ta zuwa Magazin na Suame, unguwar gareji-gareji ta Kumasi, da magana guda ba: tana cikin tafiya sai ta mutu. Masu tasi na Aboabo da Asawase, direbobin trotro, wato ƙananan bas na haya, na Tafo da Kejetia, alhazai da hajiyoyin da suka ɗauko hom-yus, wato motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, daga Tema, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancinsu kafin su iso sun riga sun sayi fulogi, sun canja koyil, wani ma har da famfon mai, alhali ba wanda ya ɗora mita ko geji a kan motar. Shi ya sa na tattara tambayoyin nan, domin mai mota ya san abin da zai lura da shi, ya kuma san abin da zai nema a auna masa kafin ya zaro kuɗi.

Wai me ke kashe inji alhali yana cikin aiki?

Injin fetur abu huɗu yake bukata: iska, mai, tartsatsin wuta daga fulogi, da matsin da fistin ke yi a cikin silinda. Kowanne kuma dole ya zo a kan lokacinsa. Iska da mai suna da ma'auni, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. In ɗaya ya rinjayi ɗaya har ya wuce gona da iri, wutar ba za ta kama ba. Shi injin dizal ba ya aiki da tartsatsi, zafin iskar da aka matse ne ke kunna man, don haka a dizal ɓangaren mai ake fara tuhuma.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk motar da ta mutu, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya yanke, ko kuma wani nauyi ya danne injin ya fi ƙarfinsa. Bincike shi ne gano wanne ne, ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai sauƙi da araha.

Masta, ni ban san komai a kan inji ba. Da me zan taimaka?

Kai ne ma babban mai taimako, ɗan'uwa, domin kai ne kake ciki lokacin da abin ya faru. Fita, wato makaniki, sai bayan an gama yake zuwa. Yadda motar ta mutu shi ne rabin aikin, kuma kai kaɗai ka gani.

Abu na farko: tari ta yi ta fizga kafin ta mutu, ko kuwa ɗif ta ɗauke lokaci guda? Motar da ta fara rasa ƙarfi, kana taka totur tana shaƙewa, ta fizga sau biyu sau uku sannan ta kwanta, galibi mai ne ya gaza isa inji. Wadda ta yanke farat ɗaya ba gargaɗi, wuta ce ko sensa. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya hana ka sayen famfon mai a banza.

Na biyu: ka dubi dashbod. Idan inji ya mutu makulli na buɗe, fitilar batir da ta baƙin mai za su kama, wannan ba wani abu ba ne. Abin tambaya shi ne, akwai wadda ta kama tun kafin ya mutu? Allurar zafi a ina take? Ko kuwa dashbod ɗin gaba ɗaya ya yi duhu, rediyo ya ɗauke? In haka ne, wutar motar ce baki ɗaya ta yanke, sai a nufi kan batir, babban fiyus da makulli.

Na uku: yaushe take yi? Da sassafe kafin ta yi ɗumi, ko bayan ta yi zafi? A tsaye a danja, ko a kan gudu, ko a hawan tudu? Bayan ka sha mai? Bayan ruwan sama ko wanki? Da ka kunna esi? Da ka faɗa rami? Kuma da ta mutu, nan take ta tashi ko sai da ta huce?

In ka zo mana da amsar waɗannan, ka rage mana aikin yini, ka rage wa kanka kuɗi. Wanda ya ce kawai "ta mutu, a duba", ya bar ƙofa a buɗe ga mai cinta-cinta.

Tana gudu lafiya lau, amma da na tsaya a danja ko na shiga cunkoso sai ta mutu. Me ke kawo haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ba mamaki, duk wanda ke ratsa Kejetia ko mahaɗar Anloga da yamma ya san yawan tsayuwar da mota ke sha. A silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, yana juyi ne kimanin 600 zuwa 900 a minti ɗaya, da 'yar iska kaɗan yake rayuwa. Ƙaramar matsalar da ba za ka ji ta a kan gudu ba, a nan take bayyana.

Wurin da nake fara dubawa shi ne bakin totur, wato maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji. A cire babban tiyon iska, a buɗe murfin da ke ciki, a shafa yatsa. A motar da ta daɗe ba a taɓa wurin ba, yatsan zai fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, da danƙo mai kauri a daidai gefen da 'yar iskar silo ke wucewa. Tururin baƙin mai ne ya haɗu da ƙura. A nan ƙasar ƙura ba ta da wuya, musamman lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, balle motar da ke bin hanyoyin da ba kwalta. Tsofaffin motoci suna da wani ɗan bawul na daban mai kula da silo, shi ma yakan maƙale da wannan danƙo. Wanki da maganin wanke totur yakan gama maganar. Sai dai a sababbin motoci masu totur na lantarki, bayan wanki ko bayan an cire kan batir, kwamfutar motar takan bukaci a sake koya mata silo, in ba haka ba sai ta riƙa hawa da sauka ko ta mutu.

Na biyu, iskar sata. Duk tiyon da ya tsage tsakanin sensar iska da inji yana shigar da iskar da kwamfuta ba ta ƙirga ba, sai mai ya yi kaɗan. Ka buɗe bonet inji na aiki, ka kasa kunne ko za ka ji tsii. Ka lanƙwasa babban tiyon nan mai zobba-zobba ka duba ƙasansa, tsagar takan ɓuya a cikin lanƙwasa. In kuma sai ka taka birki take neman mutuwa, a duba tiyon da ke zuwa tukunyar birki.

Sai sensar iska kanta in ta yi datti, da bawul ɗin EGR in ya maƙale a buɗe yana mayar da hayaƙi cikin inji a lokacin da bai kamata ba. Idan kuwa da ka kunna esi take mutuwa, ko dai silon ya gaza ɗaga kansa, ko kwamfaresan esin ya fara ƙamewa.

Ina roƙon masu mota abu guda: filtar iska in ta ƙare a canja ta. Busa ta da iska mai ƙarfi yana huda takardar, ƙurar ta wuce kai tsaye.

In ta yi zafi sai ta mutu, in na jira kamar rabin sa'a sai ta tashi kamar ba ita ba. Aljanu ne ko me?

Ba aljanu ba ne, Malam, zafi ne ke buɗe wayar da ta fara tsinkewa. Babban wanda ake zargi a nan shi ne sensar karanshaf. Ita ce ke gaya wa kwamfuta cewa inji na juyawa da kuma inda fistin yake. Da saƙonta ya yanke, kwamfuta za ta tsayar da tartsatsi da feshin mai nan take. In ta huce, wayar cikinta ta sake haɗuwa, mota ta tashi.

Gwajin sai an yi shi a lokacin da motar ta ƙi tashi, ba bayan ta huce ba. A jona na'urar karanta kwamfutar mota a ba ta kik. Lafiyayyar sensa za ta nuna juyin inji ɗari biyu ko kusa da haka. In na'ura ta tsaya a sifili alhali kana jin inji na juyawa, an kama ɓarawo, ko sensar ko wayarta. Koyil mai ba fulogi wuta, rilen da ke kunna famfon mai da famfon kansa duk suna iya yin irin wannan hali, shi ya sa a wannan lokacin ake duba tartsatsi da ƙarfin mai tare.

Yaya zan gane famfon mai ne?

Ka kashe rediyo, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama amma kada ka tada. A yawancin motoci za ka ji ɗan guri daga baya, wajen tanki, na kamar daƙiƙa biyu. In shiru ne, kada ka yi saurin yanke hukunci: a duba fiyus, a musanya rile da wani irinsa, a auna ko wuta na isa soket ɗin famfo. Famfuna da yawa an jefar da su suna da ransu, laifin na rile ne mai araha.

Jin gurin kuma ba ya nufin famfo na da ƙarfi. Geji ne ke raba gardama. Motocin fetur masu nozul na yau da kullum suna aiki da matsi kimanin bar 3 zuwa 4, kowace mota da nata adadi. Famfon da ya gaji yana iya riƙe silo, amma da ka fuskanci tudu da fasinjoji sai allurar geji ta faɗi. Filtar mai da ta toshe ita ma haka take yi, haka ma ragar da ke gindin famfo. Akwai kuma wani mai kama da su: salansa in katalis ɗin cikinta, wato matatar hayaƙi, ya narke ya toshe, mota za ta rasa ƙarfi a tudu har ta mutu, amma geji zai nuna mai lafiya lau.

Ga masu tasi da ke shan man sidi kaɗan-kaɗan, na san halin da ake ciki, kuɗin mai ba wasa ba ne. Amma man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfo. Yawo kullum da fitilar mai a kunne yana gajarta masa kwana, kuma a kwana ko gangara famfon yakan zuƙi iska motar ta fizga. In da hali, kada ya sauka ƙasa da kwata.

Na sha mai, ban yi nisa ba ta fara fizga. Man ne?

Yana iya zama. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. A zuƙo man a zuba a kwalba mai haske a ajiye ta. In akwai ruwa, cikin 'yan mintoci za ka ga ya ware ya kwanta a ƙasa, da layi tsakaninsu ƙarara. Maganinsa a sauke man, a canja filta.

A 2023 an yi ta kuka a ƙasar nan kan fulogi masu mutuwa da wuri da motoci masu fizga, har hukumar kula da man fetur ta ƙasa, NPA, ta fito ta yi bayani a kan sinadarin manganis da ke cikin fetur. Alamarsa a fulogi ita ce wani ja-ja mai kama da tsatsa a kan farar kwalbar. Duk wanda ya ga haka ya san ba koyil ba ne ya fara laifi. Ka riƙa karɓar rasit in ka sha mai, domin in za ka kai ƙara wurin NPA, da shi da samfurin man za ka tafi.

Batir ko altaneta na iya kashe mota tana tafiya?

Ƙwarai. Inji na tashi, altaneta ce ke ciyar da komai. In ta mutu, mota za ta ci gaba da tafiya a kan batir har ya ƙare: fitilar batir ta kama, fitilun gaba su dushe, waifa ta yi sanyi, daga nan komai ya ɗauke, kik ma sai ƙas-ƙas. Da mita abin ba ya cin minti biyu. Cikakken batir a kashe yana nuna kusan bolt 12.6. Inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. In fanbel ne ya tsinke, a motoci da yawa famfon ruwa ma ya tsaya, don haka kada ka ce bari in lallaɓa in isa gida.

Har yanzu akwai masu gwada altaneta ta hanyar zare kan batir inji na aiki. Kada ka bari a yi wa motarka haka. Dabara ce ta zamanin kabureta. A motar yau wutar na iya tsalle ta ƙone kwamfuta, kuma kuɗinta ya ninka na altaneta.

Ka kuma murɗa kan batir da hannu. In ya juya, ko ka ga farin gari ya taru a kansa, ka samu abin gyara kafin a je ko'ina.

Na ratsa ruwa ta mutu a tsakiya. In sake tada ta?

A'a, don girman Allah kada ka taɓa makullin. Duk damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma ta biyun wajen Satumba da Oktoba, in rafin Aboabo ko Subin ya cika ya hau titi, sai an kawo mana injin da mai shi ya kashe da hannunsa. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In ruwa ya bi ta bakin iska ya shiga silinda ka ba ta kik, fistin zai daki ruwan, kwanrod ya lanƙwashe ko ya fasa bulok. Aikin da zai ƙare a busarwa da canjin baƙin mai ya koma sayen inji.

A tura ta waje. A buɗe akwatin filtar iska, in takardar ta jiƙe to ruwa ya shiga. Fita zai cire fulogi duka ya juya inji ruwan ya feso ta ramukan, ya duba baƙin mai, in ya koma launin madara a zubar. Idan filta a bushe take, sau da yawa koyil ko soket ne kawai ya jiƙe, bushewa ta isa. Irin wannan ne ke faruwa bayan an wanke inji da famfo mai ƙarfi a wurin wanki.

Tasi na da gas take aiki. Da safe sai ta riƙa mutuwa.

Gas yana fitowa daga tulu a matsayin ruwa, wata na'ura ce ke mayar da shi tururi, kuma da ruwan zafi na lagireto take ɗumama kanta. In inji bai yi ɗumi ba, ko ruwan lagireto ya yi ƙasa, na'urar takan daskare. Ka taɓa ta, za ka ji sanyi ƙarara, wani lokaci har da farar raɓa a jikinta. Ka tada da fetur, ka bari ta yi ɗumi, sannan ka juya.

Gwaji mai sauƙi: in ta fara fizga a gas, ka mayar da ita fetur. Ta daidaita? To a duba filtar gas, saitin na'urar da bawul ɗinta. Amma a duba fulogi ma, domin gas ya fi fetur bukatar tartsatsi mai ƙarfi, fulogin da ya gaji a gas yake fara tona kansa. Kada ka bar tankin fetur a bushe, a haɗi da yawa famfon yana ci gaba da juyawa ko kana kan gas. In kuwa ka ji warin gas, ka kashe mota, ka rufe tulu, kowa ya fita.

Trotro na dizal ne. Ya mutu ya ƙi tashi bayan an canja filta.

Iska ce ta shiga layin mai, haka ma in ka bari tanki ya ƙafe. Sai an fitar da ita, a wasu motoci da ɗan famfon hannu da ke kan filta, a wasu da murɗa makulli sau da yawa. Idan kullum da safe sai ya wahalar kafin ya tashi, ko ya tashi ya mutu bayan ɗan lokaci, akwai inda yake shan iska da dare man ya koma tanki. A sa ɗan tiyo mai haske a layin, za a ga kumfa na wucewa. Ƙarƙashin filtar dizal da yawa akwai matarar ruwa, a riƙa tsiyaye ta.

Gargaɗi ga masu Sprinter da sauran injinan zamani: matsin mai a layin nozul ya haura bar 1,000. Ba a kwance bututun inji na aiki, ba a kuma neman yoyo da yatsa. Man na huda fata.

Tana tashi, bayan daƙiƙa biyu ta mutu, kullum haka.

Ka dubi dashbod ko akwai fitila mai hoton makulli tana ƙiftawa. Motar ba ta gane makullin ba ne, sai ta yanke mai. Ka gwada na biyun. In ba wannan ba, a duba ko babban tiyon iska ya cire daga mazauninsa.

In an jona kwamfuta ai za ta faɗi abin da ya lalace, ko ba haka ba?

Tana nuna hanya, amma ba ta yanke hukunci. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da muka fi gani a motar da ke mutuwa su ne P0335 na layin sensar karanshaf, P0340 na kamshaf, P0300 zuwa P0304 na silindar da ke tsallake wuta, P0171 na ƙarancin mai ko yawan iska, P0101 na sensar iska, da P0505 na silo.

Dubi P0171. Tsagaggen tiyo na kawo ta, famfon da ya gaji na kawo ta, dattin sensar iska ko toshewar nozul duk suna kawo ta. Wanda ya karanta lambar ya aike ka sayen sensar salansa bai yi bincike ba. Haka P0335, ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi saƙon bai iso ba, kuma waya ce ta iya gogar ƙarfe ko ɓera ya ci. In lamba ta nuna silinda ta biyu, a ɗauke koyil ɗinta a kai ta uku. Matsalar ta bi koyil, to shi ne. Ta tsaya a inda take, a duba fulogi, nozul da matsi. Wannan gwaji ko kwabo ba ya ci.

Kada ka yarda a goge lambobi kafin a rubuta maka su. Tare da lambar kwamfuta na ajiye bayanin zafin inji, gudu da juyi a daidai lokacin da abin ya faru, gogewa na tafiya da wannan shaida. Cire kan batir ma yana iya gogewa a motoci da dama. Fitilar inji in ta tsaya cak, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙiftawa, ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa yana ƙona katalis, ka tsaya. Rashin lamba kuma ba shaidar lafiya ba ce, famfon mai yakan mutu ba tare da ya bar ko ɗaya ba.

Yaushe ne abin ya wuce ƙaramin gyara?

Alama uku. In allurar zafi ta kai ja kafin ta mutu, kada ka buɗe lagireto da zafinsa, kada ka sake tada ta sai an duba gasket. In fitilar baƙin mai ta kama da ƙarar ƙwanƙwasa, inji na gab da ƙamewa. In kuma ta ɗauke ɗif, kik ɗin ya koma juyi da sauri da wata ƙara mara nauyi wadda ba ka saba ji ba, wataƙila tayimin bel ne ya tsinke. A injina da yawa fistin kan daki bawul in haka ta faru, ƙarin kik ƙarin ɓarna. Masu ƙera motoci kan sa a canja bel ɗin tsakanin kilomita 60,000 da 160,000, gwargwadon mota. Wanda ya sayi hom-yus ba shi da tarihinta, gara ya canja tun farko.

Motata atomatik ce, da na taka birki zan tsaya sai ta girgiza ta mutu.

In an wanke totur, silo ya daidaita a N amma da ka tsaya a D take mutuwa, a duba giyabos. Akwai wani kuloci a cikinsa da ke kamawa a kan gudu, ya saki in za a tsaya. In ya ƙi saki, injin zai mutu. A fara da man giya da soleno ɗinsa.

Me zan yi in ta mutu ina kan gudu?

Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, zai yi nauyi amma yana juyawa. Birki na da sauran taimako na taku ɗaya ko biyu, don haka kada ka riƙa famfa shi, ka taka ka riƙe. Bayan nan zai yi tauri, sai ka sa ƙarfi. Kada ka zare makulli, sitiyari na iya kullewa. Ka kunna sigina biyu, ka sa a firi, ka yi amfani da sauran gudun ka sauka dama har ka bar kwalta.

Fasinjoji su fita ta gefen daji su yi nesa da titi. Ka ajiye alwatikar gargaɗi da tazara mai kyau a bayan mota, in kwana ne ko bayan tudu ka kai ta inda mai zuwa zai gani tun da wuri. A hanyar Kumasi zuwa Accra, wajen Konongo da Nkawkaw, motar da ta mutu da dare ba alama tarko ce ga bayin Allah. Ganyen da ake zubawa a titi ba ya ƙyalli a duhu. In akwai hayaƙi ko rauni, lambar gaggawa 112 ce.

Na kai ta wurin fita, ta ƙi mutuwa a gabansa. Ya ce a canja kaza a gani. In yarda?

Ka tambaye shi cikin mutunci: Masta, me aka auna? In ya nuna maka geji ko mita, ka biya da zuciya ɗaya, har da kuɗin binciken, domin shi ma aiki ne. In amsar ita ce a gwada a gani, ka nemi a ara kayan a gwada kafin ka saya. A Magazin wannan ba baƙon abu ba ne. A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma tsohon kayanka ka karɓe shi, sau da yawa ya fi sabon jabu da za a sa maka. A sensa musamman, na asali ko da hom-yus ne ya fi mini sabo mara suna.

Matsalar da ke zuwa ta tafi, galibi a waya take. Inji na aiki a silo, a bi damin wayoyi ana girgiza su ɗaya-ɗaya, a taɓa soket na sensa, akwatin fiyus, da wayar as da ta haɗa inji da bodi, a ga inda zai yi tari. A girgiza makullin ma. Tarin makullai masu nauyi na cinye cikin swic, kuma ba ƙaramar magana ba ce: a 2014 kamfanin General Motors ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 saboda swic mai kashe inji ana cikin tafiya. In duk wannan bai nuna komai ba, a ɗaura geji, a jona na'ura, fita ya shiga ku bi hanyar da ta saba mutuwa, a lokacin da ta saba, da esi a kunne in da shi take yi. Idan kuma fita ba zai samu damar bin ka ba, wanda ke zaune kusa da kai ya ɗauki bidiyon dashbod da waya lokacin da ta fara, allurar juyi da ta zafi da fitilun duka su fito, ka kawo mana mu gani.